Mutumin da Ya Nemi Izini Kafin Ya Goge

Gidan Ɗantsoho da ke bayan kasuwar Tudun Wada a Zariya gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ba wanda ya taɓa wallafa littafi a cikinsu. Su aikinsu rubutu a gefen littattafan wasu. In ka buɗe kowane tsohon kundi a zauren gidan, za ka tarar da maganar marubucin a tsakiyar shafi ta takure kamar fasinjan tsakiya a motar Kano, hannun magabata ya kewaye ta ta ko'ina. Wannan ya yi bayanin kalma, wancan ya yi bayanin bayanin. Ƙa'idar gidan ɗaya ce: ba a goge rubutun na gaba. In ka ga kakanka ya yi kuskure, sai ka nemi ɗan fili a ƙarƙashinsa ka rubuta cewa wataƙila abin da yake nufi kaza ne, Allah ne masani, ka sa sunanka. Ta haka kowane namiji a gidan ya bar sunansa a wani gefe.

Ban da Suhaibu.

Suhaibu ya yi karatun allo kamar kowa, ya yi na boko har ya samu difloma a ilimin kwamfuta, sannan ya buɗe shago kusa da ƙofar jami'a ta Kongo, inda yake buga wa ɗalibai takardu yana gyaran firinta. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. In ya taka ƙafar wani zai ba da haƙuri, in wani ya taka tasa ma shi zai fara bayarwa. Ya haura shekara arba'in, yana da mata, Rauda, malama a makarantar firamare a Gyallesu, da 'ya'ya, da babur wanda ba ya tashi sai an tura. Abin da ba shi da shi shi ne suna a gefen komai. Ƙanen mahaifinsa, Baba Kailani, wanda shi ne babban gidan yanzu, ba ya taɓa zaginsa a kan wannan. In baƙi sun zo yana gabatar da 'ya'yan gidan, yakan faɗi abin da kowa ya rubuta da inda ya rubuta, in ya zo kan Suhaibu sai ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wannan kuma yana gyaran inji." Ya fi zagi zafi, kuma ba a iya kai ƙararsa.

Mafita ta zo masa ne ta hanyar wata firinta da ta ƙi aiki. Yana bin diddigin matsalar sai ya faɗa cikin abin da ake kira kanel. Kanel shi ne harsashin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta da yawancin wayoyin hannu. Kowa yana zaune a kansa, ba mai ganinsa. Akwai wani da mutanen duniya ke rubutawa tare a fili. Kowa na iya karantawa, kowa na iya aika gyara, in masu kula da sashen suka karɓa, sunan mai gyaran ya shiga tarihin aikin ke nan, ba fita. Tsakanin layukan da inji ke karantawa kuma akwai waɗansu da aka rubuta don mutane kawai, sharhi ne, inda mai aiki ke bayyana abin da ya yi ko ya roƙi a yi masa uzuri. Suhaibu ya yi ta karanta su har shayinsa ya huce. Wani ya yi bayani, wani ya zo bayansa ya yi bayanin bayanin. Ya jingina da kujera ya ce, "Ikon Allah. Ashe su ma gidan Ɗantsoho ne."

Mai kula da sashen firinta wani Bature ne da ba ya son dogon zance. Suhaibu ya laƙaba masa Sarkin Ƙofa, domin ba gyaran da ke wucewa sai ta hannunsa, kuma ƙofar tasa buɗewa take yi na ɗan lokaci ta rufe sai bayan watanni. Sarkin Ƙofa ya yi shela cewa masu son fara sa hannu su fara da share tsofaffin sharhohin da maganarsu ta daina zama gaskiya. Suhaibu ya duba ya zaɓi guda, layi uku, wanda aka rubuta tun shi Suhaibu yana makarantar sakandare. Ma'anarsa ita ce: wannan na wucin gadi ne, kada kowa ya taɓa, zan gyara mako mai zuwa. Abin da sharhin ke tsaro kuwa an daɗe da cire shi. Ya zama kamar maigadin da aka rushe gidan da yake gadi, aka kwashe bulo, aka manta ba a sallame shi ba.

Kuskuren Suhaibu na farko shi ne ya gaya wa Baba Kailani. Ya ce masa kafin ƙofa ta rufe sunansa zai shiga wani rubutu da ke cikin wayoyin duniya.

"Har da tawa?" in ji Baba.

"Har da taka, Baba."

Baba ya juya wayarsa ya duba bayanta, sannan bayan la'asar ya sanar da zaure. Kafin magariba mai nama ya ji, mai kanti ya ji, surukan Suhaibu a Dutsen Abba sun ji. Ja da baya ya ƙare.

Aikin kansa bai wuce danna maɓalli ba. Ɗan koyo a wata ƙasa da ya gama kafin ya haɗiye lomarsa. Suhaibu ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, yatsan ya ƙi. Ya yi abin da aka haife shi a kansa: ya bar layukan yadda suke, ya ƙara nasa a ƙasa, cewa da alama abin da marubuci mai girma yake nufi ya riga ya wuce, amma shi ya fi sanin dalilinsa. Ya haɗa da saƙo zuwa ga Sarkin Ƙofa, inda ya tambayi lafiyarsa, da ta iyali, da gajiyar aiki, da yadda suke fama da sanyi, kafin a can ƙasa ya ambaci abin da ya kawo shi.

Amsa ta zo washegari, a dandalin da dubban mutane ke karantawa. Sarkin Ƙofa ya ce an nemi a rage ne, shi kuma ya ƙara. Ya kuma ce lafiyar iyalinsa ba ta cikin aikin.

Suhaibu ya karanta wa maƙwabcinsa Muntaka, mai gyaran waya a shagon da ke jikin nasa.

"Ka ji? Bawan Allahn nan akwai matsala a gidansa."

"Malam Suhaibu, korarka ya yi."

"Mutumin da aka tambayi iyalinsa ya yi fushi? Allah dai ya daidaita su."

"To kai me ya hana ka goge abin? Rubutun Bature ne fa, ba na kakanku ba."

"Bature ba shi da hannu? Mutum ya ce kada a taɓa."

"Yaushe ya ce?"

"Magana tana tsufa ne, Muntaka? In mahaifinka ya ce kada ka shiga ɗakin nan, sai ka duba kalanda?"

Muntaka ya koma kan wayar da yake hura wa wuta, ya ce shi da ya san haka ake samun suna a duniya, da tuni ya goge rabin ƙasar nan.

Suhaibu ya yanke shawarar neman izini daga mai rubutun. Ya bi tarihin aikin ya gano sunansa, ya bi sunan ya gano adireshi. Ashe mutumin yana raye, ya yi ritaya, yana kiwon zuma a wani ƙauye a ƙasarsu. Suhaibu ya rubuta masa da ladabin da ya dace da dattijo, ya gabatar da kansa da mahaifinsa da unguwarsu, ya ce ya ga wani rubutu nasa mai albarka, yana neman a ba shi dama ya ɗauke shi in babu damuwa. Tsohon ya amsa da fara'a. Ya ce bai san abin yana nan ba har yanzu. Ya ce a bar masa, zai duba mako mai zuwa.

A nan ne Suhaibu ya yi babban kuskurensa. Shi ɗan Tudun Wada ne, ya san ma'anar "gobe" a bakin kafinta, ya san ma'anar "ina hanya" a bakin ɗan acaɓa, shi kansa ya sha gaya wa ɗalibai su dawo bayan azahar alhali ya san ba wuta. Amma tun yana aji uku malamai suka dasa masa cewa Bature ba ya saɓa lokaci. Bai taɓa haɗuwa da Baturen da zai gwada wannan magana a kansa ba, saboda haka ta zauna a ransa sabuwa fil. Cewa mutumin nan ya riga ya yi irin wannan alkawari tun zamanin da ake sauraren kaset bai girgiza shi ba. A ganinsa wani babban uzuri ne ya taso. Ya zauna jira.

Mako ya zo ya wuce. Suhaibu ya ga bai kamata ya tuna wa dattijo alkawari kai tsaye ba, wannan rashin kunya ne. Sai ya bi hanyar da kowa ya sani: ya aika gaisuwa. Ya ce ya leƙo ne kawai ya ji yadda aka kwana, ba wani abu. A Zariya, wanda ka leƙo ka gaishe shi ba wani abu ya san sarai mene ne abin. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, ya aiko da hoton amyoyinsa. Suhaibu ya sake gaisuwa. Aka aiko da hoton karensa. Ya sake, aka aiko da bayani mai tsawo a kan wata cuta da ke damun ƙudan zuma a bana. Suhaibu ya jajanta. Zumunci ya yi ƙarfi, layi uku suna nan inda suke.

A unguwa kuwa an fara tambaya. Mai nama yakan ɗaga wayarsa daga nesa ya ce, "Malam, ka shiga ne?" Surukinsa ya kira ya ce ya kashe tasa ya kunna bai ga komai ba. Baba Kailani bai tambaya ba ko sau ɗaya, sai dai in Suhaibu ya shigo gaisuwa, Baba yakan ajiye wayarsa a gabansa a kan buzu, fuskarta sama.

Sai Sarkin Ƙofa ya sake magana. Ya ce ƙofa za ta rufe ranar Lahadi. Ya ce ba a buƙatar izinin kowa don share sharhin da ya mutu. Ya ce in Suhaibu ba zai aiko ba, akwai wata ɗaliba da ta nemi aikin, zai ba ta.

Suhaibu ya tura babur ya tafi wurin Baba. Ya zayyana masa komai, ya ce dattijon ya ce a jira, mai ƙofa ya ce a yi sauri.

"Wanne ya girmi wani?" in ji Baba.

"Mai rubutun."

"To me ka zo tambaya?"

Ya koma gida. Rauda tana tsakar gida tana duba littattafan ɗalibanta da jan biro, wanda take amfani da shi ba tare da neman izinin kowa ba. Ta ajiye masa abinci, ta ga yana juya cokali a cikin shinkafa kamar mai neman abin da ya faɗa ciki.

"Malam, har yanzu mai zuman ne?"

"Ya ce mako mai zuwa."

"Wanne daga ciki?"

"Rauda, Bature ne fa."

"Ilyasu tela ma ai Bahaushe ne, kuma kalmarsu ɗaya. Ya karɓi atamfata kafin ƙaramar salla ya ce mako mai zuwa. Har aka yanka raguna yana mako mai zuwa. Kullum na je sai ya tambaye ni yara, ya ba ni kujera, har ruwan sanyi ya saya min. Shi naka me ya ba ka?"

"Hoton kare."

"Ka ga nawa ya fi naka."

Suhaibu ya ajiye cokali. Bai taɓa kawo Bature da Ilyasu tela cikin tunani ɗaya ba, kuma da suka haɗu sai ya ga sun zauna daidai kamar 'yan uwa.

"To ya kika yi?"

"Na je na ce ya ba ni kayana. Ban yaga ba, ban ƙona ba. Na naɗe na kawo gida na sa a akwati. In yana so ya ɗinka ya san gidan."

Ya tashi bai gama cin abincin ba, ya sake tura babur. Ya tarar da Baba yana alwala. Ya jira ya idar, ya durƙusa ya ce yana da tambaya ta ilimi: in aka ɗauke rubutun na gaba daga inda yake, aka adana shi a wuri mai tsabta, aka sanar da mai shi inda yake, an goge ke nan?

Baba ya tsane gemu. Ya tuna shekarar da gara ta shiga zaure, aka ciro wasu shafuka aka naɗe su a fata aka rataye.

"Wannan ajiya ce," in ji shi. "Amma ajiya nauyi ce. In ya zo nema fa?"

"Zan ba shi, Baba."

"To ka sani, kai ka ɗauka."

Ranar Asabar da hantsi Suhaibu ya buga layukan uku a kan takarda mafi kauri da ke shagon, irin wadda yake yi wa mutane katin ɗaurin aure da ita. Ya rufe ta da leda ya gasa, ya ɗauki hoto ya aika wa tsohon, ya ce kayansa suna hannun amana a Tudun Wada, Zariya, duk ranar da ya shirya. Sannan ya yi bisimilla ya danna maɓallin. Bai ji komai ba, abin da ya ɗan ba shi haushi.

Abin da ya fi wuya shi ne saƙon Sarkin Ƙofa. Ya rubuta shi layi biyu, ba sallama, ba tambayar gida. Da ya karanta sai ya ji kamar ya shiga gidan mutane da takalmi. Don haka kafin ya aika ya dubi allon kwamfutar ya yi gaisuwar da baki, cikakkiya, har da iyali. Muntaka ya leƙo ta taga ya amsa masa, "Lafiya lau, sai godiya," Suhaibu bai kula shi ba.

Amsa ta zo kafin ƙofa ta rufe. Kalma ɗaya ce, ma'anarta an karɓa. Suhaibu ya karanta ta ya sake karantawa, yana neman ko akwai wata a bayanta. Babu. Ya ce wa Muntaka da alama abubuwa sun fara daidaita a gidan mutumin.

Bayan la'asar ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi zaure. Dattawan gidan suna nan, da mai nama, da wasu da ba a gayyata ba. Ya buɗe ta a gaban Baba, ya nuna wurin. Baba ya sa tabarau ya sunkuya.

"Ina abin da ka rubuta?"

"Ai nan ne, Baba. Tsakanin wannan layin da wannan."

"Ban ga komai ba."

"Shi ne aikin."

Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani dattijo ya matso ya duba ta gefe, ko haske ne. Suhaibu ya yi sauri ya buɗe shafin tarihin aikin, ya nuna sunansa, Suhaibu Ɗantsoho, cikakke, da kwanan wata, a tsakanin wani suna da ba mai iya furtawa da wani da ya fi shi wuya. A ƙarƙashin sunan ga layuka uku cikin ja.

"Wannan jan fa?"

"Abin da na ɗauke ne."

"Wato," in ji Baba a hankali, "a cikin wayoyin duniya za a sami wani wuri da babu komai, kuma kai ka yi shi."

"In sabon tsarin ya iso, Baba. Yakan ɗauki lokaci."

Zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce suna suna ne, ko a gefen mene ne. Wasu suka ce ba a taɓa jin wanda ya shiga sahun magabata da ragi ba, in haka ne gara ma ta cancanci a ambace ta. Mai nama ya ce shi dai ya ji wayarsa ta ɗan yi sauƙi a aljihu tun jiya. Aka yi ta yi har ladan ya fara gyaran murya.

Baba Kailani ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya sake duban sunan, ya bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ga ba a rage masa harafi ba.

"Sunan gidan nan ne," in ji shi. "Ya shiga. Allah ya sa albarka."

Aka shafa. Suhaibu ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko, ya rufe kwamfutar. Mutane suka fara neman takalmansu. Baba ya riƙo hannun rigarsa ya jawo shi kusa, ya rage murya.

"Amma kada yara su ji yadda aka yi."